Hoton da ba a gane ginin ba, hoton gini ne?

Mai Kyamara: Assalamu alaikum jama'ar Jidda. Ga hoton da na wanko jiya, baƙi da fari. Duk wanda ya faɗi ginin da na ɗauka, shayi da mutabbaƙ a kaina.

Kawu Tela: Wa alaikumus salam. Ni dai fari nake gani fat, da wasu siraran layuka da suka taru a wani zobe, sai inuwa ta yanke kusurwa ɗaya. Ɗana, wayar ce ta suɓuce maka?

Mai Kyamara: Haba Kawu! Rufin rumfar alhazai ne na filin jirgin Jidda. Daga ƙasa na ɗaga kyamara, lokacin baje kolin fasahar Musulunci na 2025 da aka yi a wurin.

Kawu Tela: To ka ji. Na sha kwana a ƙarƙashin rumfar nan ina jiran 'yan uwa, amma ban gane ta ba. Hoton da wanda ya san wuri bai gane shi ba, ba hoton wurin ba ne. Ka kira shi wani abu daban.

Injiniya: Kawu, Allah ya ƙara girma, a nan kam ban bi ka ba. Ni da gani na san rumfa ce da aka ɗaure da igiyar ƙarfe, don abin da ya ɗauko shi ne ainihin sirrin ginin. Rumfuna 210 ne, kowace mita 45 a tsawo da faɗi, an buɗe su a 1981. Ba tamfol ba ne, saƙar zaren gilashi ce da aka shafe da Teflon. Zoben da kake gani a buɗe yake, ta nan iska mai zafi ke fita, shi ya sa ake iya zama a ƙasa ba na'urar sanyaya wuri. Fazlur Rahman Khan, ɗan Bangaladash ɗin da ya yi lissafin dogon benen Chicago da a da ake kira Sears, shi ya yi lissafin wannan ma. In ka ɗauki rumfar gaba ɗaya daga nesa, wa zai lura da zoben?

Kawu Tela: Kai ka gane don ka je makarantarsa. Hoto kuma na kowa ne.

Hajiya ta Karantina: Yaya, kai da ka tsufa kana ɗinka aska takwas a wuyan babbar riga, yaushe wani ya dawo maka da riga ya ce bai ga askar wanzami a jiki ba? Kyan zanen ake saye.

Kawu Tela: Hajiya, ni ban taɓa ce wa kowa hoton aska na ɗinka masa ba. Shi kuwa cewa ya yi hoton gini ne.

Ɗalibin Madina: Ni abin da ya burge ni daban ne. Babu mai rai a ciki, don haka ko wanda yake ƙyamar rataye hoton mutum a ɗaki ba shi da ta cewa. Kuma masu ƙawata masallatai tun da can da layi da kusurwa da rubutu suke aiki. A harabar Masallacin Annabi (SAW) akwai lemomi 250. Ku tsaya ƙarƙashin ɗaya lokacin da take buɗewa da safe, ku ga yadda mutane ke ɗaga waya sama. Ba wanda ke ɗaukar lemar gaba ɗaya, haƙarƙarinta da hasken da ke ratsa tsakani ake ɗauka.

Anti Malama: Ɗalibi, rashin mai ran ne ya dame ni. Ba zancen gane gini nake ba, wannan na bar wa Kawu. Rumfar nan don mutane aka yi ta. Tsohuwa daga Gusau ta shimfiɗa zane tana gyangyaɗi a kan jakarta, jarkokin zamzam an jere, ana ta cigiyar fasfo da lasifika. Ka share duk wannan, ka bar farin yadi mai tsabta wanda zai dace da bangon otal. Haka ake yi wa Balad, tsohon garin Jidda. Tun da UNESCO ta sa ta a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2014, kowa sassaƙen tagogin katako yake ɗauka, roshan ɗin nan, a matse shi sosai kada bangon da ya tsage ya fito, balle mai turo baro a ƙasa.

Mai Kyamara: Anti, wannan ta taɓa ni. Amma ai hoton alhazai a rumfar ba ya ƙirguwa, kowace waya da shi. Ni abin da suka kwana a ƙarƙashinsa ba su ɗaga kai sun gani ba na nuna. Kuma ba ni na fara ba. Mai ɗaukar hoto Lucien Hervé haka ya riƙa yi wa gine-ginen shahararren mai zana gine-gine Le Corbusier, ya yanke hoto ya bar inuwa da gefen siminti, Le Corbusier da kansa ya riƙe shi mai ɗaukar masa hoto. Mai ɗaukar hoto Hélène Binet ma haka ta yi wa gine-ginen da Zaha Hadid ta zana.

Anti Malama: Dole mai gini ya so, an fito masa da aikinsa ba datti. Ka tambayi mai shara ko ya so.

Injiniya: Anti, in haka ne kowane hoto yanka ne. Wanda ya ɗauki tsohuwar shi ma ya yanke rufin.

Kawu Tela: To ni a rubuta sunan wurin a ƙasa, mu huta.

Mai Kyamara: Na ƙi rubutawa ne don mutum ya daɗe yana kallo. Da ya karanta suna, sai ya ce "oho" ya wuce.

Hajiya ta Karantina: Rubuta a baya mana, mai son sani ya juya. Nawa ne babban, da firam?

Mai Kyamara: Hajiya, zan kira ki, kada Kawu ya ji kuɗin ya sake tayar da magana.

Kawu Tela: Ina nan ina jira, faɗi a nan kowa ya ji.