Sulallan Tunawa: Don Sha'awa Ko Don Riba?

Da aka tattauna batun sulallan da ake bugawa don tunawa da wani biki ko wani shahararren mutum, bakin tsofaffin masu tarawa ya kusa zuwa ɗaya: in riba kake nema, ka yi hattara. Gidan buga kuɗi yakan sa musu farashin da ya zarce darajar ƙarfen cikinsu nesa ba kusa ba, domin an lissafa kuɗin akwati da takardar shaida da talla. Ranar da ka kai wa dillali, sai ya ɗora sulen a sikeli ya biya ka kuɗin azurfar kawai. Akwatin nan mai ƙyalli ko kallo bai ishe shi ba.

Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin adadi haɗe da yawan masu nema. Sulen feni 50 na tunawa da Kew Gardens, wani shahararren lambun tsirrai a London, da Birtaniya ta fitar a 2009, guda 210,000 kacal suka shiga hannun jama'a, shi ya sa ake rububinsa. Samun irinsa kuwa sai mai rabo.

Don haka aka ce ka binciki adadin da aka buga, ka kuma duba nawa aka sayar a zahiri, domin farashin da mai kaya ya yanka ba ciniki ba ne. Mai son adana dukiya gara ya sayi tsabar zinariya ko azurfa da ake sayarwa bisa nauyi, oza ɗaya giram 31.1.

A ganina gargaɗin da ya fi muhimmanci shi ne kada ka goge sule don ya yi sheƙi. Gogewa tana barin ƙananan zane da gilashin dillali ke kamawa nan take, farashi ya faɗi. A gefe ake riƙe shi, da yatsa biyu.