Sulallan nasarar yaƙi na Rumawa: me kuke dubawa kafin ku biya kuɗi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi sun yi yawa kan sulallan da Rumawa suka buga don shelar cin yaƙi, masu ɗauke da kalmomin Latin CAPTA (an kama) ko DEVICTA (an cinye da yaƙi) ko VICTORIA (nasara) a baya. Gara mu tara abin da kowa ya gani da idonsa wuri guda. Kalma ɗaya a bayan sule tana iya ninka farashinsa, shi ya sa masu jabu suka fi sa ido a nan. Bari in fara da wanda kowa ke nema, IVDAEA CAPTA, wato an kama Yahudiya, na Sarki Basbasiyan. Ɗansa Titus ya ci birnin Ƙudus a shekara ta 70 Miladiyya, aka buga babban sulen tagulla, sestatiyus, a 71. Alamar shekarar tana gaba, a ƙarshen rubutun da ya kewaye kan sarki: COS III, wato karo na uku da ya riƙe muƙamin konsul, babban muƙamin mulki na shekara-shekara a Rum. A baya akwai bishiyar dabino, mace zaune a gindinta ta yi tagumi, ɗaya ɓangaren kuma ko dai kamamme a tsaye an ɗaure masa hannu ta baya, ko sarki riƙe da mashi, sai S C a ƙasa. Nauyinsa wajen giram 25 zuwa 27, faɗi milimita 33 zuwa 35. Mai kyau dubban daloli ne. Ƙaramin na azurfa, dinariyus, mai rubutun IVDAEA kawai, ya fi sauƙin samu: kusan giram 3.3, wanda ya sha hannu yana sauka zuwa 3.

Malam Mai Sikeli:
Wa'alaikumus salam Baba. A kan wannan sestatiyus ɗin zan tsaya, don a nan ake yi wa mutane yankan aljihu. Jabun iri uku ne a abin da ke zuwa hannuna.

Na zubi shi ne mai sauƙin kamawa. Sulen Rumawa na gaske bugawa aka yi tsakanin hatimi biyu da guduma, ƙarfen ya gudu daga tsakiya zuwa baki, har kana ganin siraran layuka suna fita daga haruffa idan sulen bai goge ba. Na zubi ba shi da su. Ɗauki gilashi mai ƙara girma sau 10 ka fara da gefe, ba fuska ba. Za ka ga layin haɗi inda ɓangarori biyu na mazubin suka gamu, ko sawun zarto inda aka goge shi. A fili kuma akwai ƙananan ramuka masu zagaye daga kumfar iska, haruffan sun yi laushi, ba kaifi. Sau da yawa nauyin ma yana gazawa, domin ƙarfe na tsukewa idan ya huce.

Na biyu ya fi haɗari, saboda sulen kansa tsoho ne na gaske. Ana samun sestatiyus da ya goge, a bi gashin sarki da ganyen dabino da haruffa da ɗan kurfi a sake fito da su, a kankare fili ya yi santsi, sannan a shafa launi. Abin da ke tona su shi ne rashin daidaito: kumatu da kunnen sarki sun goge sumul, amma gashi sili-sili kamar jiya aka buga. Wuraren da suka fi tudu su ke fara gogewa, kuma tare suke yi. In kana shakkar launin, ɗiga asiton, sinadarin da ke narkar da fenti, a auduga ka shafa a gefe. Fatar tsufa ta gaske ba ta fita, fenti da kakin da aka yi wa launi suna biyo audugar.

Na uku tsofaffin kwaikwayo ne. Giovanni da Cavino na birnin Padua a Italiya, wanda ya mutu a 1570, ya sassaƙa hatiman manyan sulallan Rumawa, kuma an yi ta zuba kwafi daga aikinsa shekaru aru-aru. Sun cika zagaye, sun cika kyau.

Hajiya Mai Kundi:
Sannu da ƙoƙari Malam. Ni shawarata ga sabon shiga, kada ya fara da Yahudiya, balle AEGVPTO CAPTA mai hoton kada, wanda Oktabiyan, wanda daga baya ya zama Sarki Ogustus, ya buga a shekara ta 28 kafin Miladiyya bayan ya kama Masar a 30 kafin Miladiyya. Wannan azurfa ce ta wajen giram 3.8, CAESAR COS VI a gaba, kuma kwafinta sun cika intanet. In mai hoton kada kake so, nemi tagullar birnin Nim na Faransa: kada ɗaure da sarƙa a jikin dabino, COL NEM a sama, a gaba kuma kan Ogustus da na janar ɗinsa Agrippa sun ba juna baya. An buga ta da yawa, har ana samun rabi-rabi, don mutanen lokacin da kansu suke raba ta biyu su yi canji.

Inda ido ke koyo da arha shi ne ƙarni na 4. SARMATIA DEVICTA na Konstantin, wajen 323 zuwa 325, giram 3 ne ko kusa, milimita 18 zuwa 20. Mace mai fukafukai tana tafe da ganima da reshen dabino, tana take kamamme da ƙafa. Haruffan ƙasa su ke faɗin gidan bugu: PTR ko STR na Trier, PLON na Landan, SIRM na Sirmiyum. Da 'yan gomomin daloli za ka haɗa gidaje daban-daban, ka ga yadda hannun masu sassaƙa ya bambanta. FEL TEMP REPARATIO da aka fara a 348, mai soja yana soke mahayi da dokinsa ya faɗi, ya ma fi wannan arha.

A tsakiya akwai Tarajan. Ya yaƙi Dasiya, ƙasar Romaniya ta yau, a 101 zuwa 102 da kuma 105 zuwa 106. Dinariyus ɗinsa mai DAC CAP a ƙasa, ɗan Dasiya zaune kan tarin makamai, yana ɗauke da COS V, wato tsakanin 103 da 111. Kafin ka biya, buɗe RIC, kundin da ya jera sulallan sarakunan Rumawa, ko OCRE, shafin intanet mai irin wannan jerin, ka gwada rubutun gaba da na baya harafi bayan harafi. Idan haɗin nan babu shi a kundi, ko dai ka tsinci dami a kala, ko kuma, wanda ya fi yiwuwa, jabu ne.

Ɗan Autan Zaure:
Hajiya, don Allah tambaya. Dinariyus da azurfarsa ta ɓare a gefe, ja ya bayyana a ciki, na zamani ne?

Hajiya Mai Kundi:
Ba lallai ba ne, ƙanina. Tun zamanin Rumawa akwai masu naɗe jan ƙarfe da siririn fallen azurfa su buga. Tsohon jabu ne, ana tara shi, amma kuɗinsa bai kai na azurfa zalla ba, kuma wajibi ne mai sayarwa ya faɗa. Auna shi da sikeli mai nuna 0.01 na giram, irin na masu sayar da zinari. Yawanci ba ya kai nauyi. Kada ka jefa shi a tebur don jin ƙara, tsohuwar azurfa takan bushe ta ciki ta tsage.

Injiniya na Kudu:
Saura ajiya, inda tagulla ke mutuwa a hannun mai ita. Koren da ke da tauri da sheƙi kariya ne, a bar shi. Wanda ake tsoro shi ne kore mai haske, mai gari-gari kamar garin kuka, da tsinke ke kankarewa, kuma yana dawowa. Gishirin kuloraid ne da ya shiga ƙarfen a cikin ƙasa, danshi ke tada shi, yana cin rami. Ware sulen nan take. Kankare garin da tsinken sakace, ka jiƙa shi a tataccen ruwa, ana canzawa kullum. Wanda ake sayarwa don ƙara wa batir ya yi, in dai ka tabbata ba mai asid ba ne. Ruwan famfo da na leda ba su dace ba. In ya ƙi, sai sodiyum seskwikabonet, giram 5 a mililita 100, a canza duk mako, har makonni. Yana iya rage fatar sulen, a riƙa dubawa. Bayan nan a busar da shi sarai, a sa masa ido wata guda kafin a shafa kaki, domin kaki a kan ciwo rufe shi kawai yake yi yana ci ta ƙasa.

Da damina ko a garuruwan bakin teku, a sa su a akwati mai rufuwa ruf da ƙunshin silika mai tsotse danshi, danshi ya tsaya ƙasa da kashi 40 cikin 100. Ledar ajiya mai taushi ta PVC tana barin kore mai danƙo; a nemi mai tauri ko ambulan ɗin takarda marar asid.

Malam Mai Sikeli:
Injiniya, wasu na cewa a jiƙa sule a man zaitun fa.

Injiniya na Kudu:
Yana sassauta ƙasa, Malam, ban musa ba, amma yana baƙanta tagulla, yana shiga ramuka ya ƙi fita. Lemon tsami da binega kuwa ko kusa, suna cinye fatar a bar ƙarfe tsirara, darajar ta tafi.

Baban Ummi:
Abu biyu zan ƙara. Kada a ɗauki duk abin da sule ya faɗa a matsayin tarihi. GERMANIA CAPTA na Domishiyan a 85 yana iƙirarin an kama Jamus, alhali marubucin tarihin Rumawa Tasitus ya rubuta cewa bayi aka saya aka yi musu shigar kamammu don bikin nasarar. Sarki Filib Balarabe ya buga PAX FVNDATA CVM PERSIS, wato an kafa zaman lafiya da Farisawa, bayan sulhun 244, wanda Sarki Shapur na Farisa ya ce kuɗi aka biya shi. Ni a wurina irin waɗannan sun fi daɗin tarawa.

Sai takardu. Masar, Libiya, Turkiyya da Italiya duk suna da dokoki masu tsauri kan fitar da kayan tarihi, kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ita ce ma'aunin da ake yawan dubawa. Wanda ya turo maka hoton sulalla cike da ƙasa ya ce yanzu aka tono, bar shi da kayansa. Nemi dillalin da ke rubuta asalin sule a rasit, ya kuma yarda a mayar masa ko bayan shekaru in ya zama jabu. A gwanjo a tuna ana ɗora la'ada wajen kashi 20 cikin 100 kan farashin da aka buga, ban da kuɗin aike. Tsohon tikitin da ya zo da sulen a ajiye shi a ambulan ɗaya da shi.

Ɗan Autan Zaure:
Na gode Baba. Na auna nawa, giram 2.6 ne, gobe zan ɗora hoton gefensa Hajiya ta duba.