Aikin sa kai zai ɗaga fim ɗin Hausa a Bauchi, ko kuwa zai kashe wa masu sana'a kasuwa?

Malamar Zane: Assalamu alaikum. Maganar da ake ta yi tsakanin ɗaliban zane da 'yan fim a garin nan ita ce, idan matasa masu zane da masu iya kwamfuta suka riƙa ba da lokacinsu kyauta a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, harkar fim za ta farfaɗo. Ni ina bayan wannan magana. Tun da kasuwar faifan CD ta mutu, furodusa ba ya iya ɗaukar mai tsara ɗaki, shi ya sa za ka ga finafinai daban-daban amma falo ɗaya, labule ɗaya, kujeru ɗaya. Ga kuma yara a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) suna koyon zanen yadi da ginin tukwane da zanen talla, aikinsu daga aji sai akwati. Me zai hana a haɗa su?

Mai Ɗaukar Sauti: Wa alaikumus salam. Malama, niyyar mai kyau ce, amma ban yarda ba. Duk ranar da furodusa ya samu wanda zai riƙe masa makirfo kyauta, ba zai sake biyan mai sauti ba, kuma fim ɗin ne zai ji a jikinsa. Riƙe sandar makirfo ba ƙarfin damtse ba ne kawai. Kan makirfon zai tsaya dab da saman hoto, kamar kamu biyu daga bakin mai magana, yana kallon bakin, yana juyawa kafin ɗayan ya fara tasa maganar, wato sai ka haddace sin ɗin (fitowar da ake ɗauka) kamar jarumi. Idan ƙaramin makirfo na maƙalawa ne, aka sa shi ƙarƙashin shadda mai sitati, duk motsin jarumi sai ka ji kacau-kacau, kuma babu editan da zai cire wannan. Janareta sai ya yi nisan mita 40 zuwa 50, a bayan katanga, da waya mai kauri, don siririya tana rage ƙarfin wuta fitilu su riƙa rawa. A kashe fanka da firji. Kafin a tashi daga kowane ɗaki a yi shiru na minti ɗaya a ɗauki sautin ɗakin, da shi edita zai cike giɓi tsakanin maganganu. Ɗan sa kai bai san ko ɗaya ba, kuma ba za a gane ɓarnar ba sai an je wajen tacewa, lokacin jarumai sun watse.

Malamar Zane: Ai ban ce a ba su sauti ba, Yaya. Aikin da babu mai yin sa nake nufi.

Dattijon Furodusa: Ku bari in sa baki. Harkar nan da sa kai ta fara, wannan ba a musu. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a Kano a 1990, kuma ƙungiyoyin wancan lokaci karo-karo suke yi, kowa ya kawo rigarsa da ɗan abin da ke aljihunsa. Amma abin da ya mayar da ita sana'a kasuwa ce. Ka kai fim kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, dillalai su saya, kaset ya bazu har Nijar da Kamaru da Gana, kuɗi ya dawo, ka sallami kowa. Masu satar fasaha da masu tura fim a waya suka rushe wannan. Yanzu dogaro ya koma kan finafinai masu dogon zango a YouTube da abin da tashoshi irin su Arewa24 suka saya. A YouTube ba a fara ba ka kason talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan ne naka, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya bai kai darajar na Ingila ko Amurka ba. To ciwon a wajen sayarwa yake. Ko mutum ɗari sun yi maka aiki kyauta, in babu inda kuɗi zai shigo, ka rage asara ne kawai.

Mai Fassara: Baba, maganarka ce ma ta nuna inda sa kai yake da amfani. In mai kallo na waje ya fi kawo kuɗi, fassarar da ake rubutawa a ƙasan fim ita ce ƙofa, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Aiki ne da ɗalibin Turanci ko Faransanci ko Larabci zai yi daga ɗakinsa da manhajar kyauta irin su Subtitle Edit ko Aegisub. Ƙa'idar ba ta da yawa: layi biyu kacal, kowane layi kada ya wuce harafi 42, rubutu ya zauna daga daƙiƙa ɗaya zuwa shida ko bakwai, ya shigo tare da buɗe bakin mai magana. A fitar da shi a fayil na SRT a ɗora daban, kada a manne shi jikin hoto, don in an ga kuskure a gyara ba tare da sake ɗora fim ba. Inda ake faɗuwa shi ne karin magana da habaici, a bi su kalma-kalma, baƙo ya karanta ya rasa gane komai. Ma'ana ake fassarawa. Kuma dole mutum na biyu ya kalli fim ɗin da sauti a kashe, yana karanta rubutun kaɗai. In ya bi labarin, aiki ya yi.

Mai Ɗaukar Sauti: Akwai masu cin abinci da wannan ma, ƙanwata. Ana biyansu, ko da kaɗan ne.

Mai Fassara: Na Turanci, e. Na Faransanci fa, wanda zai kai fim ga waɗanda ba sa jin Hausa a Kamaru da Chadi? Kusan babu mai yi, balle a ce an ƙwace masa.

Malamar Zane: Haka tsara ɗaki yake a ƙananan finafinai, guri ne da babu kowa a ciki. Ga abin da ɗalibai huɗu za su iya cikin kwana uku. Falankin filawud mai ƙafa 4 da 8 guda huɗu, a yi wa kowanne firam da katako tu-bai-tu, a sa masa tokara ta baya a danne da buhun yashi. Biyu nan, biyu can, an samu kusurwar ɗaki. Fentin ruwa marar ƙyalli za a shafa, hannu biyu, a bar na farko ya bushe sosai. Fentin mai yana mayar da hasken fitila, sai ka ga tabo fari a bayan kan jarumi. Kada a yi fari fat, don kyamara za ta bi hasken bango ta bar fuskar baƙin mutum cikin duhu. Ruwan ƙasa ko toka-toka ko shuɗi mai duhu sun fi fito da fatarmu. Yadi mai siraran layuka kusa da juna yana rawa a kyamara, sai a gwada shi a allon kafin ranar ɗauka. Sannan a rataya zanen ɗalibi na gaske a bangon, a rubuta sunansa a ƙarshen fim. Falankin nan za su yi fim bayan fim, fenti kawai ake sakewa. Jihar da ke da zanen dutse a Geji da Shira bai kamata bangon finafinanta ya zama babu komai sai agogo da kalanda ba.

Mai Tace Hoto: Malama, tsarin ya yi, amma ga inda yake karyewa. Fim mai dogon zango ana ɗaukarsa wata da watanni, ba a jere ba. Sin na 5 yau, ci gabansa bayan sati uku. Ɗalibi ya tafi jarrabawa ko hutu, wani ya zo ya mayar da tulun hagu zuwa dama, ya sauya zanen bango. A wajen tacewa sai ka ga mutum ya juya kai, ɗaki ya canza. Wanda ake biya za ka kira shi ka tuhume shi, ɗan sa kai kuwa sai godiya. In za a yi, to a ɗauki hoton kowane bango da waya kafin a kwance, a sa lambar sin, a ajiye wajen mai kwantiniti, wato mai lura kada wani abu ya sauya tsakanin sin da ci gabansa, shi kuma ya zama ma'aikaci mai albashi. Abu na biyu, katin kyamara kada ya shiga hannun ɗan koyo. A kwafe shi a ma'ajiya biyu daban, a buɗe fayilolin a tabbatar suna tafiya, sannan a goge. Na uku, kada wani ya ɗauko kiɗan Indiya daga intanet ya sa don taimako. YouTube zai gane shi, kuɗin tallan ya tafi wajen mai kiɗan.

Dattijon Furodusa: In dai da sharaɗi ne, zan sassauta. A rubuta a takarda, ko shafi ɗaya ne: kwana nawa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, aikin me. Abinci da kuɗin mota a kan furodusa, don tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuwa daga harabar ATBU ta Yelwa ko ta Gubi ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi. Kuɗin katako da fenti ma nasa ne. Zanen kuma mallakar mai shi ne, aro aka yi. Wanda ya nuna hazaƙa a nuna masa hanyar makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos, tafiyar awa biyu ce daga nan.

Mai Ɗaukar Sauti: Baba, saura ɗaya, kuma shi ne babba. A sa iyaka. Fim ɗaya ko zango ɗaya, bayan nan in ana son sa a fara biyansa. Abin da aka saba shi ne a kira mutum yaron gida shekara da shekaru, ana cewa yana koyo, alhali shi ke riƙe da aikin.

Malamar Zane: Zango ɗaya ya yi kaɗan, Yaya. Mai tsara ɗaki ba ya gane yadda launi ke sauyawa ƙarƙashin fitila sai ya ga aikinsa a allo, ya koma ya gyara a na gaba. A ba shi biyu.

Mai Ɗaukar Sauti: To a na biyun a biya shi rabin kuɗin ƙwararre, kuma a rubuta adadin a takardar tun ranar farko, kafin a sayi falanki ko ɗaya.