Neman kalmar Hausa: me za mu kira tortiya da tako?

1/ Jama'a, ku taimaka da kalma. Duk wanda ya zauna a Houston ko Los Angeles a Amurka ya san ƙananan gidajen abincin mutanen Meziko da ke cikin unguwanni. Teburi kaɗan ne, mai gida na kan wuta, matarsa ko 'yarsa na karɓar kuɗi. Leburorin gini da direbobi da ɗalibai ne ke cika wurin, domin da kuɗi kaɗan mutum zai ƙoshi. 'Yan uwanmu da dama ma nan suke ci. Amma ka kira gida Inna ta tambaye ka me ka ci yau, sai bakinka ya tsaya. Abu biyu nake nema wa suna: tortiya da tako.

2/ Bari in fara bayyana tortiya, don kada mu raɗa wa abin da ba mu gani ba suna. Busasshiyar masara ake dafawa da farar ƙasa ko ruwan toka, a bar ta ta kwana a ciki, a wanke, a niƙa ta zama ƙulli mai kauri. Sai mai yi ta gutsuri ɗan dunƙule, ta sa tsakanin leda biyu a cikin matsi na ƙarfe, ta danne sau ɗaya, ya fito zagayayye da faɗin tafin hannu. Ta ɗora a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, ba mai ko ɗigo. Ta juya, ta sake juyawa, sai ka ga ta kumbura da tururi kamar an hura mata iska, sannan ta lafa. Ƙamshin gasasshiyar masara da ɗan gafin toka shi ke fara tarbar mutum tun daga bakin ƙofa.

Tokar nan da dalilinta. Ita ke sakin bitamin B3 da ke ɗaure cikin masara, jiki ya samu. Ƙasashen da suka karɓi masara ba su karɓi wannan dabara ba, irin su arewacin Italiya da kudancin ƙasar Amurka, talakawansu sun sha fama da ciwon da ke sa kaushin fata da gudawa. Mu da muka san aikin kanwa da ruwan toka a tukunya, wannan ba zai zame mana baƙo ba. A 2010 UNESCO ta saka girkin gargajiyar Meziko cikin gadon al'adun duniya.

3/ Shawarwari sun fara shigowa, na gode. Wani Malam ya ce waina ko masa. Abin sha'awa, da Sifaniyanci ma “masa” suke kiran ƙullin kansa. Amma wainarmu mai tsami ce, a tanda ake toya ta da mai, kuma in ka ninka ta sai ta tsage. Sinasir ya fi kusa a faɗi, sai dai na shinkafa ne. Wainar fulawa kuwa suya ce. Wata Hajiya daga Sudan ta kawo kisra, siririyar gurasar dawa ta ƙasarsu, kuma gaskiya ta yi kusa ƙwarai, to amma a Kano ko Maraɗi sai ka sake fassara kisrar.

4/ Ni dai gurasar masara na zaɓa. Yaya, na ga ƙorafinka cewa gurasa ta alkama ce, da yis, a tanderu ake gasa ta, kuma ta fi kauri nesa ba kusa ba. Duk haka ne. Amma ka duba aikin da take yi: gasasshiya ce, ba mai, zagayayya, ita ce abinci ita ce cokali, ana naɗe nama a cikinta. Wanda ya taɓa yagar gurasa ya kamo tsire da albasa da yaji ya riga ya gane yadda ake cin wannan abu. Kalmar “masara” kuma ta isa ta raba su. Irin ta alkama da ake yi a arewacin Meziko sai mu ce gurasar fulawa.

5/ Tako ya fi wuya. Gurasar masara ce, sau da yawa biyu a haɗe don kada ruwan nama ya huda, a zuba yankakken nama, da ɗanyar albasa, da ɗan ganye mai ƙamshi, da miyar barkono ja ko kore, a matsa lemun tsami, a ninka gida biyu. Loma uku ya ƙare. Wasu sun ce a bar shi “tako” yadda muka bar shawarma da burodi. Ban ƙi ba, sai dai muna da “tako” tamu: ya tako har gida. A rubuce zai rikita mai karatu.

Ina ba da shawarar 'yar ninke. Haka muke raɗa wa abinci suna tun asali: ɗanwake, 'yar tsala, ɗan malele. Mai sayarwa kuma mai 'yar ninke, sahun mai shayi da mai tsire.

6/ Abin da ya sa na damu da wannan magana ya wuce daɗin baki. Baƙon da ya sauka jiya yana bukatar a yi masa bayani da harshensa kafin ya miƙa kuɗi. 'Yar ninken da ake kira al pastor, mai nama a tsaye kan ƙarfe yana juyawa, ta samo asali daga shawarmar Larabawan Labanan da suka yi ƙaura zuwa birnin Puebla na Meziko, sai ka ɗauka rago ne, alhali yawanci alade ne. Carnitas ma alade ne. Dakakken wakensu da gurasar fulawa sau da yawa da kitsen alade ake haɗawa, manteca suke ce masa, don haka a tambaya. Asada naman sa ne, pollo kaza, birria ta jihar Jalisco asalinta akuya. Maganar yanka kuwa daban take, wanda yake kiyayewa ya nemi ta kifi ko ta ganye.

7/ Jan abin shan da suke kira jamaica ba ya bukatar taro, zoɓo ne tsantsa.

Saura burito, babban nan na gurasar fulawa da ake cusa wa shinkafa da wake da nama a naɗe ruf. Sunan yana nufin ɗan jaki. Wani ya ce 'yar naɗe, wata ta ce ƙunshi. Na fi karkata ga 'yar naɗe don ta yi daidai da 'yar ninke, amma ina jiran ta bakin mutanen Zariya da Damagaram kafin mu tsayar.