Wace tambaya ce ke buɗe bakin mai fasaha, wace ce ke rufe shi?

Ɗalibar Jarida:
Salamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka riga mu a harkar nan. An ɗora mini wani shiri da zan riƙa tattaunawa da marubuta da mawaƙa da masu shirya dokumentari, a kan aikinsu kawai, ban da rayuwar gida. Duk wanda ya taɓa zama gaban ɗayansu da rikoda, ko kuma shi aka zauna gabansa, don Allah ya ba mu labarin yadda ta kaya. Abin da ya faru da ku nake son ji, ƙa'idojin cikin littafi ina da su.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi jagora. Tambaya ɗaya nake so ki goge daga takardarki tun kafin ki fita, ita ce "Daga ina kake samun basira?" Babu marubucin da ba a yi masa ita ba har ya gaji, kuma kowannensu yana da amsar da ya haddace. Zai ce baiwa ce daga Allah, zai ce daga al'umma yake ɗauko labarinsa. Gaskiya ya faɗa, amma mai sauraro bai ƙaru da komai ba.

Na taɓa zama da wani dattijon marubuci da aka gargaɗe ni cewa ba ya magana. Haka kuwa na tarar. Ya naɗe hannu a ƙirji, kowace tambaya ya sallame ta da jimla ɗaya, idonsa na kan agogon bangon situdiyo. Sai na ciro littafinsa daga jaka, gefen shafukan duk rubutun fensirina, na buɗe wurin da na naɗe. Na ce, Malam, a nan mahaifiyar tauraron ta rasu, amma ba ka nuna mana rasuwar ba, sai dai muka ji ta a bakin yaron da aka aika da saƙo. Me ya sa? Ya miƙo hannu ya karɓi littafin, ya sa tabarau, ya karanta shafin a ransa. Sannan ya ce ai ya rubuta babin rasuwar cikakke, da kuka da komai, ya yage shi, domin duk lokacin da ya sake karantawa sai ya ji yana roƙon mai karatu ya yi hawaye. Daga nan ban ƙara shan wahala ba, har lokacin shirin ya ƙare yana magana.

Ki lura da dabarar shirin nan na BBC, Desert Island Discs, da Roy Plomley ya fara a 1942 kuma har yau ana yin sa. Ana sa baƙo ya zaɓo waƙoƙi 8 da zai tafi da su in aka yasar da shi a tsibiri. An ba shi abu takamaimai ya riƙe, sai labarin ya riƙa fitowa ta gefensa ba tare da an matsa masa ba.

Mai Tacewa:
Baba ya faɗi gaskiya, zan ɗora daga ɓangarenmu. Ni aikina tace fim, wato yankawa da haɗa abin da aka ɗauka, kuma na ga an yi hira da daraktocin da na yi wa aiki ba adadi. A ranar haska fim, cikin kaya masu kyau, duk maganarsu ɗaya ce: mun so mu ba marasa murya murya. In kina son abin kirki, ki nemi a ba ki lokaci a ɗakin tacewa, ki tambaye shi abin da ya cire.

Dalili kuwa, abin da ke fitowa a dokumentari ɗan kaɗan ne daga abin da aka ɗauka. Daraktan Faransa Claude Lanzmann ya yi shekara 11 yana aikin Shoah, dokumentarinsa a kan kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, ya tara ɗaruruwan sa'o'i na ɗauka, abin da ya fito a 1985 sa'a 9 ne da 'yan kai, kuma hakan ma ana ce masa dogo. To ki auna fim mai minti 50. Duk shawarar da darakta ya yanke tana cikin abin da ya zubar.

Akwai wata 'yar jarida da ta zo mana muna tsakiyar aiki a kan fim ɗin wasu mata da suka rasa mazajensu. Ta tambayi daraktan abin da ya cire. Ya ɗan yi shiru, ya ce in buɗe mata wata ɗauka. Wata mata ce zaune, an tambaye ta ranar da aka kawo mata labari, ba ta ce uffan ba, sai murza bakin mayafinta take yi da yatsu biyu, har kusan minti guda. Ni da shi mun yi gardama sosai a kan wurin nan. Ni na ce nan ne zuciyar fim ɗin. Shi ya ce matar ta amince a ɗauki maganarta, ba ta amince a ɗauki gazawarta ta yin magana ba. Ya cire. Har gobe ina ganin da an bari da fim ɗin ya fi haka ƙarfi, amma ban taɓa jin ya yi bayanin kansa kamar ranar ba, kuma wurin nan 'yar jaridar ta gina rubutunta gaba ɗaya.

Marubuciya Ce:
Bari ku ji daga wadda ake zama gabanta. Cikin minti biyu nake gane wanda bai karanta littafin ba. Zai ce, "Hajiya, ki ɗan gutsura wa masu sauraro abin da littafin ya ƙunsa." Wato in yi masa aikinsa. Sai kuma ta biyu, wadda maza marubuta ba su cika shan ta ba: "Labarin nan ke ya faru da ke?" In na ce a'a, a ga kamar ɓoyewa nake yi. In na ce wani abu daga ciki, gobe ya zama kanun labari.

Hirar da na fi jin daɗinta wata yarinya ce ta yi mini, ba ta ma gama makaranta ba. Ta ce ta lura duk inda tauraruwar ke fushi jimlolina gajeru ne, inda take tsoro kuwa sai su yi tsawo ba aya. Wallahi ban san ina yin haka ba. Na koma gida na duba, haka ne.

Abu ɗaya nake roƙo, a nuna mini rubutun kafin a buga. Ba sabon abu ba ne. Mujallar Paris Review, wadda ta fara jerin hirarrakinta da marubucin Ingila E. M. Forster a 1953, ta kuma buga ta Chinua Achebe a 1994, an san ta da bai wa marubuci dama ya duba ya gyara amsoshinsa. Shi ya sa ake komawa ga hirarrakin bayan shekaru. Magana ta baka daban, ta takarda daban.

Ɗan Jarida Mai Taurin Kai:
Hajiya, da girmanki, a nan ba mu tare. Abin da waccan mujallar ke yi aikin haɗin gwiwa ne, kowa ya san haka tun farko. Ni na taɓa tura wa wani mawaƙi rubutun hirarmu don ya duba sunaye da shekaru. Ya dawo mini da shi ya goge duk wurin da ya soki faifansa na biyu, wanda shi ne kaɗai wurin da ya yi magana kamar mutum. Abin da ya rage sai ka ce takardar talla. Yanzu ina kira in karanta wa mutum sunaye da lambobi ta waya ya tabbatar, amma rubutun ba ya barin hannuna.

Marubuciya Ce:
To Malam, wanda aka yanke masa rabin jimla aka sa a kanu fa, wa zai kai wa kuka? Ka faɗa wa mutum sharaɗinka kafin ka kunna rikoda, in ya yarda shike nan.

Ɗan Jarida Mai Taurin Kai:
Wannan kam na yarda, kuma ina yi.

Mai Bin Makaɗa:
Ƙanwata, makaɗi da mawaƙi sha'aninsu daban ne, kada ki raba su da kayan aikinsu. Na sha ganin an ajiye makaɗi a kujerar situdiyo hannu wofi, ana tambayarsa ma'anar salonsa, yana ta kame-kame kamar wanda bai san sana'arsa ba. Ilimin a hannunsa yake. A 1938 da mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax ya ɗauki hirarsa da makaɗin fiyano Jelly Roll Morton a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, gaban fiyano ya zaunar da shi. Morton na ba da tarihin farkon kiɗan jaz a New Orleans yana kaɗawa a ƙarƙashin maganar, in ya ambaci salon wani sai ya buga shi a ji.

Na gwada irin haka da wani tsohon mai ganga. Na tambaye shi bambancin kiɗansa da na ubangidansa da ya koya masa, ya ce babu, abin da aka ba shi yake yi. Sai na kunna masa tsohuwar ɗaukar ubangidan a waya. Ya sunkuyar da kai yana saurare, yatsunsa na bugun gwiwarsa. Can sai ya ɗaga hannu ya ce in tsayar. Ya jawo gangar, ya buga wurin yadda marigayin ya buga, sannan ya buga nasa. Bugu ɗaya ne tak yake jinkirtawa, don ya bar wa 'yan amshi wurin shan numfashi, saboda a cewarsa ubangidan yakan gajiyar da su. Da baki ba zai taɓa faɗa mini wannan ba.

Kuma in da hali ki ja ɗaya daga 'yan amshin gefe. Su ne suka san baitin da aka sauya, da ranar da aka sauya shi, da dalili.

Tafinta:
Ni ta wata ƙofa na shigo. Na yi wa wata mai shirya dokumentari tafinta lokacin da ake hira da ita, ita da mai tambayar ba su da harshe ɗaya. Da farko na ɗauka ni ne cikas, don kowace amsa sai ta jira ni. Ashe jiran nan amfani ya yi. Ina cikin fassara rabin farko tana tunani, in na gama sai ta ce, a'a, ba haka nake nufi ba, ta kawo abin da ya fi na farkon. Wanda ba shi da tafinta zai iya yin wannan da kansa, ya bar ɗan shiru bayan amsa kafin ya jefa ta gaba.

Ita ce ma ta ba mu labarin Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya yi finafinai da yawa a Nijar. Ya koma ya haska wa masuntan da ya ɗauka fim ɗinsu na farautar dorina, suka ƙi amincewa da kiɗan da ya ɗora a kai, domin shiru ake yin wannan farautar. Ta ce tambayar da take so a riƙa yi mata ke nan, kuma ba a yi: waɗanda ke cikin fim ɗin sun gani? Me suka ce?

Af, ga masu ganin tafinta na ɓata hira, daraktan fim François Truffaut ya yi kusan mako guda yana yi wa takwaransa Alfred Hitchcock tambayoyi a 1962, Helen Scott na tsakaninsu tana fassara. Littafin da ya fito daga zaman a 1966 har yanzu ɗaliban fim na karanta shi. Truffaut ya bi finafinan ne ɗaya bayan ɗaya, wuri bayan wuri, kamar dai yadda Baba ya ce.

Sauraro Kawai:
Ba wanda ya taɓo abin da ke biyo bayan kashe rikoda. Ina naɗe wayar makirufo wani mawaƙi ya fara ba ni labarin yadda ya sa hannu a takarda yana matashi, ya rasa haƙƙin mallakar waƙoƙinsa na farko, har yau ko sisi ba ya samu daga cikinsu. Ya fi duk abin da ya faɗa a hirar nauyi. Ban sa ba. Na kira shi daga baya na ce ko za mu sake zama a kan wannan kaɗai. Ya ce maganar na hannun lauya, in bari sai an gama. Ina nan ina jira.

Ɗalibar Jarida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tambaya ɗaya. Baƙona na farko marubuci ne mai littattafai da yawa, kuma lokacin ya ƙure, ba zan iya karance su duka ba. Yaya zan yi?

Tsohon Ɗan Rediyo:
Ki karanta na ƙarshe daga bango zuwa bango, da fensir a hannu, don shi ne ke ransa yanzu. In lokaci ya ragu ki ɗauki na farko, ko da babi uku ne, ki ga abin da ya sauya tsakaninsu. Sauran ki faɗa masa tun a waya cewa ba ki kai gare su ba tukuna, kuma ba za ki tambaye shi a kansu ba. Ki tafi da batir na biyu, ki kuma gwada rikodar a ɗakin kafin ya zauna.