Dokina ya ƙi tsayuwa a kan kanbas, ku ba ni shawara

Sadiya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina zane da fensir, bana na sayo fentin mai daga Kano. Hoton da nake kwaikwaya, ango ne a kan kili da alkyabbarsa, amarya na tsaye bakin rijiya tana miƙa masa ƙwaryar ruwa, rana na faɗuwa a bayansu. Ƙafafun dokin sun ƙi zama, farin jikinsa kuma da na sake taɓa shi sai ya dagule ya koma ruwan toka. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. 'Yata, kin yi gaggawar sa fari ne, shi kuwa yana cikin kalolin da suka fi jinkirin bushewa. Ki ɗauki kalar ƙasa-ƙasa guda ɗaya, ki tsinka ta da tafentin, wato ruwan tsinka fenti, ki zana hoton duka da ita: doki, mutane, rijiya, inda haske yake da inda inuwa take. Wannan kalar kwana ɗaya ko biyu ta bushe. Daga nan ki riƙa ɗora sauran, kowane shafi ya ɗan fi na ƙasansa man linsid, wato man da ake gauraya fenti da shi. In kika juya, mai maiƙo a ƙasa tsinkakke a sama, wata rana hoton zai tsattsage.

Abba: Yaya Sadiya, ki ja layuka gida-gida a kan hoton asali, ki ja irinsu a kanbas. Haka na gyara tsawon wuyan nawa dokin.

Malam Lawal: Layukan suna taimako, Abba, amma ba su koya wa ido doki. Ga Géricault, mai zane na Faransa, duk ƙwarewarsa a kan dawaki, a zanensa na 1821 na sukuwar Epsom a Ingila ya miƙe musu ƙafafu gaba da baya suna shawagi. Sai a 1878 hotunan da Muybridge, mai ɗaukar hoto, ya ɗauka a Amurka suka nuna cewa lokacin da doki ya bar ƙasa gaba ɗaya, ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin cikinsa. Mu da muke Katsina ba mu da uzuri. Ki je bargar da ke unguwarku da littafi, ki kalli yadda gwiwar baya take lanƙwasa, da yadda doki a tsaye yake ɗage kofato ɗaya yana hutawa.

Hajiya Binta: Gaskiya ne Malam. Kuma ki lura, kili ba fari fat ba ne. Na tsaya kusa da wani ranar Hawan Magajiya a Daura, ƙarƙashin cikinsa shuɗi-shuɗi, ƙirjinsa ya ɗauki jan jalala, gumi ya yi duhu a gefen sirdi. Farin zalla ɗan kaɗan ne, a kafaɗa da kuturi. Ki nemi zanen Delacroix ma, wani mai zane na Faransa wanda ya je Maroko a 1832, mahayansa da rawunansu sun fi kusa da namu.

Abba: Ni ƙura ce ta ɓata mani aiki a hunturun bara.

Hajiya Binta: Ka jingina shi fuskarsa na kallon bango, kada ya taɓa. Tsumman da kuka goge man linsid kuma kada ku dunƙule shi a kwando, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a waje. Man ƙyalli na ƙarshe da ake shafa wa hoto kuwa, sai hoton ya yi wata shida.

Sadiya: Allah ya saka da alheri. To wanda na ɓata fa, in yar?

Malam Lawal: Kada ki yar. Ki kankare farin da wuƙar fenti tun yana ɗanye, ki goge da tsumma. In kin gama shafin ƙasa-ƙasan ki turo mu ga ƙafafun kafin ki buɗe wata kala.