Rantsuwar Sikawut da Ƙofar da Aka Buɗe a Amurka

Tsohon Sikawut

Assalamu alaikum. Na sa kakin Sikawut tun ina firamare, ƙaunarsa kuma ba ta bar ni ba har na yi furfura. Ranar 8 ga Fabrairu 2025 ƙungiyar Boy Scouts ta Amurka ta koma Scouting America, bayan ta karɓi 'yan mata, kafin nan kuma ta ɗage haramcin da ta sa wa 'yan luwaɗi. Abin ya tsaya min a rai. Ga nawa baitocin, mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah nake fara waƙa,
Mai sama bakwai, Mai mulkin duniya.

Salati ga Manzo ɗan Amina,
Da alai da sahabbai masu gaskiya.

A 1907 aka kafa tanti,
Tsibirin Brownsea, can a Birtaniya.

Baden-Powell, mai kafa Sikawut, ya tara yara,
Ya koya musu bin sawu da ɗaurin igiya.

Shekara uku sai ga ta a Amurka,
A 1910 ta kafu, ta kama hanya.

Yaro ya ɗaga yatsunsa uku,
Ya rantse gaban tuta da zuciya ɗaya,

Zai sauke haƙƙin Allah da na ƙasa,
Ya tsare ɗabi'arsa miƙaƙƙiya.

Gidajen ibada ne suka goya ta,
Kusan kashi 70 na runduna a ƙidaya.

Sai ga 2013 a Grapevine ta Texas,
Wakilai kusan 1,400 suka yi gayya.

Kashi 61 suka ce a buɗe,
Yaro mai son jinsinsa ya shigo tsakiya.

Kamfanonin Intel da UPS sun riga sun janye tallafi,
Ciki ya yi kuka, aka saki tarbiyya.

A 2015 kuma aka ce har manya,
Su ja ragamar yara, babu tambaya.

To ma'abota waƙa, ku ba ni amsa,
Rantsuwar tana nan, ko ta zama ƙarya?

Miyar da aka zare wa gishiri,
Miya ce har yanzu, ko ruwan tukunya?

Ɗalibin Shari'a

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai zangon da ka tsallake, a yi min izini in cike shi.

Baba na durƙusa, na gaishe ka,
Ɗa ba ya katse wa uba zancensa.

Amma akwai James Dale a labarin,
Ka bar shi a baya, ga ni da sunansa.

Yana ɗan shekara 8 ya shiga ƙungiya,
A New Jersey ya yi duk ƙuruciyarsa.

Ya hau matakai har lambar ƙoli ta Mikiya,
Wadda ba kowa ke rataya ta a ƙirjinsa.

Aka ba shi mataimakin jagoran runduna,
Kotu ma ta shaida kyawun aikinsa.

A 1990 yana karatu a jami'ar Rutgers,
Jarida ta buga hira da hotonsa,

Cewa yana shugabantar ɗalibai 'yan luwaɗi,
Wasiƙa ta biyo baya, aka soke rajistarsa.

Ya kai ƙara, shekaru suka ja,
A 1999 kotun ƙolin jiha ta goyi bayansa.

Ranar 28 ga Yuni, shekara ta 2000,
Kotun Ƙolin ƙasa ta kifar da nasararsa.

Alƙalai biyar suka rinjayi huɗu,
Shugabansu Rehnquist ya rubuta da alƙalaminsa:

Ƙungiya mai zaman kanta tana da 'yanci,
Ba a cusa mata wanda ba ta son zamansa.

To Baba ka lura, doka ta tsaya musu,
Gidan ne daga baya ya buɗe da hannunsa.

Kuma ba kuɗi kaɗai ya motsa su ba,
Wani yaro a Kalifoniya aka hana lambarsa,

A 2012, bayan ya gama aikin neman ta,
Uwarsa ta kai kuka ga jama'a dominsa.

Ɗaruruwan dubbai suka sa hannu,
Wani tsohon Mikiya ma ya mayar da tasa.

Robert Gates, tsohon sakataren tsaro,
Da ya shugabance su, ya faɗi damuwarsa,

Cewa haramcin manya ba zai ɗore ba,
Gara gida ya gyara kafin kotu ta tilasa masa.

Tsohon Sikawut

Ɗana ka yi karatu, Allah ya ƙara,
Amma yawan ƙuri'a bai halatta giya.

Waɗanda suka ƙi, sun kafa ƙungiyar Trail Life,
Tun 2013 suka raba hanya.

'Yan cocin Mormon da ke tare da su tun 1913,
Ƙarshen 2019 suka juya baya.

Yara fiye da 400,000 suka kwashe,
Giɓin nan bai cikuwa da tsintsiya.

Ɗalibin Shari'a

Gaskiya ne sun fita, Baba. Sai dai ƙuri'ar 2013 da ta 2015 duk sun same su a ciki, ba su tashi ba a lokacin. Da suka sanar da tafiya a 2018, dalilin da suka bayar shi ne suna son shirin matasa nasu na kansu wanda zai game mabiyansu na duniya baki ɗaya.

Hajiya ta Bronx

Ina wuninku, daga Bronx ta birnin New York. Ni ba gwanar waƙa ba ce kamar ku, amma ɗana na cikin rundunar da masallacinmu ya ɗauki nauyi, don haka ba zan iya yin shiru ba.

Baba da ƙanena, na gaishe ku,
Na karanta duka baitocinku,
Daga nesa kuke yin hangenku,
Ni kuwa abin yana cikin ɗakina.

Yaran na haɗuwa a masallaci,
Asabar bayan Azahar su ci abinci,
Su koyi agajin gaggawa da zumunci,
Liman ya sa hannu a kan idona.

Dokar 2015 tana da reshe,
Masu ba da labari kan bar shi ƙarshe,
Ba a ce ƙa'idar gidan ibada ta rushe,
Masallaci ke zaɓen jagoran ɗana.

Rantsuwar kuma, Baba, ba a taɓa ta ba,
Sunan Allah ba a goge shi ba,
Mai cewa babu Allah ba a buɗe masa ba,
Lambar Bismillah ta yaran Musulmi na maƙala da hannuna.

Ba zan ce muku ba na jin tsoro,
Ƙasar nan da wuyar renon yaro,
Wayar hannunsa ta fi ƙarfin horo,
Amma ga abin da ke hana ni kwana.

A 2012 kotu a Oregon ta ce a fito
Da fayilolin da aka kulle a sito,
Sunayen manyan da aka kai rahoto,
Kan lalata da yara, ya Rabbana.

Fayil sama da 1,200 aka baje,
Daga 1965 zuwa 1985 aka taje,
Wasu an sallame su shiru, sun fita waje,
Ba a kai su hukuma ba, kun ji baƙin cikina.

A 2020 ƙungiya ta ce arzikinta ya karye,
Mutum sama da 82,000 suka daina ɓoye,
Dattawa na kuka, rufin ya yaye,
Diyyar dala biliyan 2.46 ba ta sanyaya raina.

Mai gadi na ƙofa yana korar baƙo,
Ashe kura na cikin garke tun farko,
Da kaki da lamba, ba mai ɗana mata tarko,
Ita nake tsoro dare da rana.

Tsohon Sikawut

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yata kin sa ni zub da hawaye,
Yaran nan amana ne, ba dukiya.

Ai abin da nake gudu ke nan tun farko,
A haɗa kura daji da 'yan tunkiya.

Ɗalibin Shari'a

A nan kam, Baba, ba zan bi ka ba.

Duba shekarun da Yaya Hajiya ta lissafa,
Lokacin gidan na kulle da sakatarsa.

Mai cutar yaro ba ya yin shela,
Wani ma da mata da 'ya'ya a gidansa.

Dale ya fito fili aka kore shi,
Babu tuhumar cutar yaro a shari'arsa.

Haɗa su kwando guda zalunci ne,
Kuma yana ba azzalumi inuwar ɓuyansa.

Ana can ana tsare ƙofar gaba,
Shi ya shige da murmushi da gaisuwarsa.

Dokar da ke kare yaro ita ce manya biyu,
Kada babba ya keɓe da shi a tantinsa.

Kuma in yaro ya yi kuka a kai hukuma,
Kada a rufe don gida ya tsira da sunansa.

Malam Mai Allo

Assalamu alaikum. Alhaji, Hajiya, ɗalibi, Allah ya saka muku. Na karanta sau biyu kafin in ɗauki alƙalami.

Bismillahi, na zo a makare,
Na tarar da zance ya riga ya ɗaure,
Alhaji da ɗalibi kowa ya tsare,
Hajiya ta kawo abin da ba a share,
Bari in sa nawa, ko da ƙwayar gishiri.

Hukuncin aikin dai ba ya ɓuya,
Mazhabobi huɗu bakinsu ɗaya,
Ƙissar Annabi Luɗu ba tatsuniya,
Ƙuri'ar Texas ba ta canja aya,
Nan ina tare da Alhaji, babu jinkiri.

Amma kan aiki ake yanke hukunci,
Ba kan abin da ke rai mai sa ƙunci,
Bin diddigin mutane ba Musulunci,
Suratul Hujurati aya ta 12 ta hana, ba sassauci,
Allah na son bawa mai rufa asiri.

Ƙudurin 2013 ma bai ɓoye ba,
Ya ce yaron Sikawut bai kai ba,
Da mace ko namiji, ba a yarda ya kusanta ba,
Lalata kowace iri ba ta halatta ba,
Kora don abin da ke ransa kaɗai aka cire a tsari.

Ɗan shekara 14 in ka kore shi,
Wa ka bar wa? Titi zai karɓe shi,
Waya da dare za su rene shi,
Liman ba zai sake ganin shi,
Hannunka bai ruɓewa ka yanke, sai haƙuri.

Wani matashi ya taɓa zuwa zaurena,
Bayan Isha'i ya durƙusa gabana,
Ya faɗi abin da ke ransa, ya jiƙa buzuna,
Da na kore shi, me zan ce wa Ubangijina?
Har yau yana zuwa jam'i, yana zikiri.

Jagora kuwa, nan zancen ya bambanta,
Amana ce, iyaye ke ba da ita,
Masallaci na da haƙƙin tantance ta,
Mai koyar da ɗabi'a ya fara riƙe ta,
Kowane gida ya zaɓi madugun ayari.

Ɗalibin Shari'a

Allah gafarta Malam, na karɓi mafi yawa,
Masallaci ya zaɓa, wannan haƙƙinsa.

Amma rundunar unguwa ta kowa da kowa,
Kirista, Bayahude, Musulmi, kowa da ɗansa,

Da ma'aunin wa za a auna jagora?
Ko coci-coci ma kowanne da matsayinsa.

Ni na tsaya kan a duba halin mutum da yara,
Abin da ke tsakaninsa da Allah na bar masa.

Malam Mai Allo

Wannan tambayar mai nauyi ce, ɗalibi, kuma ƙasa mai addinai da yawa ba za ta kuɓuce mata ba. Ni dai uba nake ba shawara: ya san rundunar da zai kai ɗansa, ya san wanda ke riƙe da ita, ya je da ƙafarsa.

Tsohon Sikawut

Malam ka taɓa ni inda ban zata ba,
Kan yaro na sauko, na ajiye gardama ɗaya.

Da jikana ne, ba zan rufe masa ƙofa ba,
Zan ja shi jikina, mu je masallaci ɗaya.

Ɗana ɗalibi, kan kura ka yi gaskiya,
Na haɗa abin da bai haɗu ba, na janye wannan ƙaya.

Amma kan jagora ina nan inda nake,
Ba na ba da ɗa sai ga mai irin tawa tarbiyya.

Kuma raina na ɓaci in na tuna adadi,
Farkon shekarun 1970 da cikar rundunar gaba ɗaya,

Yara sama da miliyan 4 a kaki,
Yau kusan miliyan 1 ne a ƙidaya.

'Yata Hajiya, yaushe za su fita sansani?
Kuma wa zai kwana kusa da 'ya'ya?

Hajiya ta Bronx

Baba, Juma'a mai zuwa za su tashi,
Babansa ya sa suna, zai bi shi,
Manya huɗu, liman ya ce har da shi,
Na haɗa masa darduma da bargon kwana.

Ɗaurin igiyar nan ya gagare shi,
Mako biyu yana yi tana kwance shi,
In ka yarda gobe in haɗa ka da shi,
Ta bidiyo, bayan La'asar, a wayar gidana.

Tsohon Sikawut

Na yarda, 'yata. Ki ce ya nemo igiya biyu, ɗaya ta fi ɗaya kauri.